Tankin Motar Baba Ilu

Har na cika shekara arba'in da biyu ina da yaƙinin cewa duk aikin ƙarfen da aka auna daidai, aka zana a takarda, aka kuma yanka bisa zanen, ba shi da hanyar ɓaci. Daga jami'a na ɗauko wannan ra'ayi, inda na karanta injiniyanci, kuma na riƙe shi tsawon shekarun da na yi ina walda a bakin babban titi a nan Kankia. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne matasan da ke zuwa rumfata suna neman in koya musu haɗa tankin mota cikin wata guda, don sun kalla a waya sun ga akwati ne kawai mai murfi. Ba na yi musu dariya. Ni ma akwati na ɗauke shi, illa dai ni na ƙara masa lissafi.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne miƙar da ƙofar wata mota da ta lotse. Na gama karatu, na yi shekara biyu ina zagaya ofisoshi da takardu, sannan na je wurin Malam Lawal mai walda, abokin mahaifina, na roƙe shi ya karɓe ni. Ya dubi fuskata, ya dubi takalmina mai sheƙi, ya miƙo mini guduma. Wata huɗu na yi ban taɓa injin walda ba. A wannan lokaci ne ya raɗa mini suna Injiniya, ba don girmamawa ba, kuma har yau da shi ake kirana. A ƙarƙashinsa na koyi cewa ƙarfe yana gaya wa mai guduma inda ya gaji ta irin ƙarar da yake yi, kuma zafi yana jan falle zuwa inda ya ga dama, don haka sai an ɗiɗɗiga walda nan da can an kama shi kafin a ja layi guda. Na san dalilin haka a littafi. Hannuna ne bai sani ba.

Akwai ranar da wani mutumin garin Ƙofa ya kawo tankin babur yana rantsuwa cewa wata guda ke nan babu ɗigon fetur a ciki, a rana ma yake ajiye. Malam Lawal ya kai hancinsa bakin tankin, ya sa aka dafa ruwa, ya wanke shi da sabulu har sau uku, sannan ya cika shi da ruwa ya bar wurin da zai liƙe kaɗai a sama. Mutumin ya ƙosa.

"Malam, bas za ta bar ni hwa."

"Bas za ta dawo gobe," in ji Malam Lawal. "Ni kuwa fuskata guda ɗaya ce, kuma matata ta saba da ita."

Wannan shi ne abu na farko da nake so mai sha'awar wannan aiki ya sani. Tankin da yake cike ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ake cewa babu komai a ciki, tururin da ya rage a cikinsa shi ke fashewa.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi wata bakwai babu wuta, ga man janareto ya yi wahalar samu. A lokacin na riga na buɗe rumfata. Abokan sana'a da dama suka kulle suka koma acaba. Ni sai na koma kan waldar gas da kayan hannu: almakashin ƙarfe, kurfi, magagari, da wani guntun ƙarfe mai kauri da nake lanƙwasa falle a kansa. A wannan shekara na fara haɗa tanki daga falle, domin siririn ƙarfe ya fi son harshen gas, wutar lantarki huda shi take yi idan hannu bai ƙware ba. Da wuta ta dawo, an riga an san ni da tanki daga Kankia har ƙauyukan Kusada. Na haɗa masu yawa, babu wanda ya dawo da yoyo, kuma wannan ya ƙara mini yarda da takardata.

Sai aikin Baba Ilu ya zo. Dattijo ne ɗan Dudunni, ya kusa saba'in a lokacin, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ta girmi babban ɗansa. Da ita yake kwaso gero da dawa da wake na manoman yankinsu zuwa Kankia, ya koma musu da taki da gishiri da kwanon rufi. Agogon mai ya mutu tun kafin in san shi. Da sanda yake auna mai, wata siririya mai tsage-tsage da yake ajiyewa bayan kujera. Tankin motar tsatsa ta cinye shi, irinsa kuwa an daina samu ko a wurin masu tsofaffin kaya a Kano, don haka ya ɗaure jarka a baya ya ja tiyo zuwa inji, yana tafiya a haka.

Babban ɗan nasa, Sanusi, ma'aikaci ne a Kusada, mutum mai natsuwa. Tare suka zo. A gabana ya faɗi sharaɗin da suka yi a gida: wannan ne gyara na ƙarshe, idan motar ta sake ba da wahala kafin kaka ta ƙare, za a ba 'yan gwangwan su yanka ta, Baba ya zauna ya huta. Baba Ilu bai musa ba. Ya dai dafa bonet ya ce:

"Injiniya, ka yi mata babba. Can wajenmu sai man kwalba, rabi ruwa. In na cika nan ina so ya kai ni sati. Amma kada ya sauko ƙasa, hanyarmu duk kwazazzabai ce."

Da na sauke tsohon tankin sai na ga wani abu da ya ba ni dariya. A ƙarshensa na baya, ta ƙasa, an bubbugo wani ƙullutu kamar bayan ludayi, an liƙe shi da farin ƙarfe ba kyan gani, an kuma ƙara wa bututun da ke jan mai tsawo, an karkato shi har cikin ƙullutun. A lokacin Malam Lawal ya tsufa, walda ta cinye masa ido, kullum da safe yakan zo ya zauna a bencin rumfata. Na ɗaga murya na ce:

"Wane ɗan koyo ne ya yi wannan ɓarna?"

"Wa ya sani, Injiniya," in ji shi. "Masu aiki da yawa."

Na jefa tankin bayan rumfa cikin tarkace.

Kwana tara na yi a kan sabon. Na sa aka tura motar kan siminti, na daidaita ta da tiyo mai ruwa har kowace kusurwa ta zauna daidai da 'yar'uwarta. Na auna filin da ke ƙarƙashin bodi, na fitar da siffar tankin da kwali, na gwada, na rage, na sake gwadawa. Tun da ana son ya ci mai da yawa kuma kada ya sauko, sai ya fito dogo marar zurfi. Na sa masa shamaki biyu masu huji a ciki, don kada man ya riƙa tambal-tambal a kan gargada. Bakin zuba mai na bar shi a baya, a miƙe, yadda sandar Baba za ta shiga. Bututun jan mai kuwa na kai shi gaba, inda ya fi kusa da inji, kamar yadda kowane zane mai hankali zai nuna. Na toshe kafofin, na aro famfon mai faci na hura masa iska, na shafe kowane layin walda da kumfar sabulu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Na ɗaure shi da maɗaurai biyu na ƙarfe, na sa robar tsohuwar taya a tsakani. Daga ƙarshe na riƙa zuba mai galan-galan ina yi wa sandar sabon tsage. Har yau ban haɗa tankin da ya fi shi kyan gani ba.

Satin farko lafiya lau. A sati na biyu motar ta mutu a hawan da ke fitowa daga wata busasshiyar ƙorama tsakanin Dudunni da kwalta. Baba Ilu ya zura sanda, ta nuna tsage uku. Aka sauke kaya, aka tura ta, ta tashi kamar ba ita ba. Makaniki ya wanke kafireto. Bayan kwana huɗu ta sake mutuwa a wuri guda, aka canza famfon mai. Duk lokacin da aka kawo ta gareji sai ta yi ta aiki babu ko tari. Da ta yi na uku, Sanusi ya zo rumfata ranar Laraba da hantsi.

"Injiniya, sannu da aiki. Ba faɗa ya kawo ni ba, aikinka ya yi kyau, kowa ya gani. Amma injin nan ya gama. Jiya Baba awa uku ya yi cikin rana yana sauke buhu da hannunshi. Na yi magana da 'yan gwangwan, ran Asabar da azahar za su zo."

"Shi Baban me ya ce?"

"Mi zai ce? Shi ya yi alkawari. Tun jiya dai bai ci abinci ba."

Na ce masa tanki dai ba ya kashe mota, tun da yana riƙe mai kuma sanda ta shaida. Gaskiya na faɗa bisa abin da na sani. Amma idan na binciki kaina, na san akwai wani abu kuma: na ji daɗin cewa laifin ya faɗa kan inji, don haka ban matsa da tambaya ba.

Bayan ya tafi, Malam Lawal ya gyara zama.

"Injiniya, mi motar nan take ɗauka?"

"Wake, yanzu dai."

"Buhu nawa?"

"Ban sani ba, Malam."

"Kwana tara kana kwance ƙarƙashinta, ba ka san mi take ɗauka ba?"

"Lissafin tanki ba shi da alaƙa da kaya."

"To. Ni ban shiga jami'a ba. Amma da ni ne, sai in tahi Dudunni in gan ta bakin aikinta. Kai kwance ka gan ta bisa siminti, kamar marar lafiya a gadon asibiti."

Washegari da sassafe na hau babur na tafi. Na tarar ana lodi a ƙofar gidan Baba Ilu, domin manoma sun riga sun tara kaya kuma babu wata motar. Na tsaya gefe ina kallo. Aka jera buhuna har suka wuce kan direba, aka ɗaure, aka ɗora wasu a ƙofar baya da aka bari a buɗe. Wasu mata biyu suka hau da kwanduna, aka miƙa musu rago. Da kowane buhu bayan motar yana sauka, har sifirin ya miƙe sarai, gabanta kuwa ya ɗaga sama kamar tana shinshinar iska. Babu wanda ya kula, domin haka suka san ta shekara da shekaru. Ni ne kaɗai baƙon wannan siffa.

Na roƙi kwalba, na zuba ruwa rabi, na rufe, na shiga ƙarƙashi na kwantar da ita a kan tankin. Ruwan duka ya gangara baya, gaban kwalbar ya zama iska zalla. A kan fili ke nan, ba a kai ga hawa ba. Na daɗe a kwance ina kallonta. Idan tankina ya cika, babu matsala. Da zarar mai ya yi ƙasa da rabi, sai ya taru a baya, inda sanda ke shiga ta ga mai da yawa, ya bar bututun a gaba yana zuƙar iska. A sauke kaya, mota ta daidaita, mai ya dawo. Tsawon da na ƙara wa tankin shi ya ƙara tsananta abin.

Na fito na ce, "Baba, injinka lafiyarsa lau. Ni na kashe maka mota."

"Kai? Da mi?"

Na nuna masa kwalbar, na karkata ta yadda motar take. Ya kalla, ya sake kalla, sai ya fashe da dariya.

"Ashe man baya yake komawa ya zauna da fasinja!" Sai dariyar ta tsaya. "Amma Sanusi ba zai ji maganar kwalba ba, Injiniya. Sau biyu ana ce mashi an gano. Sai ya gani da idonshi."

Muka cika tankin fal da man kwalba, muka iso Kankia ba tare da ta yi ko tari ba. Ana gama sauke kaya na kwance tankin. A nan ne nake so matasa su lura. Kwana ɗaya da rabi ya rage mini, ga Juma'a a tsakani, ga tankin da ya sha fetur sati uku. Zuciya tana cewa a yi wanki ɗaya a kunna wuta. Sau uku na wanke shi da ruwan zafi da sabulu, na bar shi a buɗe har yamma, na cika shi da ruwa, sannan na yanke gindinsa da kurfi da almakashi, ban kusanto da wuta ba sai da hancina ya daina jin komai. Wankin kaɗai ya cinye mini ranar Alhamis.

Da safen Juma'a na shiga tarkace na jawo tsohon tankin, na ajiye shi gaban benci don in kwaikwayi ƙullutun nan. Malam Lawal ya miƙa hannu ya shafa shi.

"Malam, wa ya yi wannan?"

"Wani ɗan koyo ne. Shekara talatin ke nan. Shi ma sai da motar ta mutu mashi sau biyu a ƙoramar nan."

Sai a lokacin na gane shi ne ɗan koyon. "Me ya hana ka gaya mini?"

"Ka tambayi wanda ya yi, ba ka tambayi mi ya sa ya yi ba. Kuma idona bai ga inda ka kai bututunka ba. Na ɗauka kana dariya kana kwaikwaya, yadda muke yi duka."

Na yanki falle, na ɗora shi a bakin wani tsohon turmi na bubbuga har ya yi zurfin ludayi. Na liƙa shi a ƙarshen baya, na kewaye shi da ɗan gajeren shamaki ta ciki don man da ya shiga kada ya fice idan ana gangara, na ja bututun tun daga gaba har cikinsa. Bayan an sauko daga masallaci na rufe gindin na yi gwajin sabulu. Kumfa ta taso a wuri guda, ƙarama kamar ƙwayar gero. Na sake wankewa, na sake liƙewa, na sake hurawa. Kafin magariba tankin ya koma mazauninsa.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a Dudunni. Sanusi ya zo, bisa roƙon da na aika masa, fuskarsa babu yabo babu fallasa. Na sa aka yi lodi irin na ranar Alhamis, har na ce a ƙara buhu biyu. Sannan na kwance notin ƙasan tankin na tsiyaye man duka, na mayar da galan ɗaya tak a gaban kowa.

"Galan ɗaya?" in ji Sanusi. "Da tsage uku ma ta mutu. Kana so mu yini a ƙorama?"

"Idan ta mutu, Malam Sanusi, ni zan sauke kayan, kuma ba zan sake cewa komai ba."

Ya shiga gaba kusa da mahaifinsa, ni na hau kan buhuna. Na san lissafina, amma na farkon ma haka na san shi, don haka kunnena na kan inji tun da muka tashi. Muka gangara cikin ƙoramar, tayoyi suka shiga yashi, Baba Ilu ya sa giya ɗaya. Gaban motar ya ɗaga har na riƙe igiya da hannu biyu. Ta yi gurnani, ta kai wurin da ƙasa ta yi baƙi da man da makanikai suka zubar a baya, ta wuce shi, muryarta ba ta canza ba har muka hau fili.

Baba Ilu ya taka birki. Na ɗauka zai fito ne. Sai na ji ya sa giyar baya, ya sulala da mu har cikin yashi, ya sake hawowa. A sama ya leƙo da kansa ta taga yadda ni ma zan ji, ya ce wa ɗansa:

"Ranka ya daɗe, ya isa, ko mu ƙara ɗaya a rubuta a fayil?"

"Baba, don Allah mu tahi, rana na yi."

Kafin mu kai kwalta na hango Sanusi ta gilashin baya da waya a kunne. 'Yan gwangwan ba su zo ba.

A Kankia, kafin a sauke ko buhu ɗaya, na samo sabuwar sanda na yi mata tsage da kayan a kai. Baba Ilu ya ƙara kaka biyar yana jan motar, sannan ya miƙa wa ƙanen Sanusi makulli, kuma tankin yana jikinta har yau. Tun daga wannan aiki, duk mai motar da ya zo neman tanki sai ya koma ya ɗoro kayan da ya saba ɗauka kafin in ɗauko abin awo.